Yawan buɗe akawun yana hana mutum samun bashi a banki? Ga yadda abin yake

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan an sakko daga masallaci wani ƙanena ya tare ni a ƙofar gida da waya a hannu, wai Yaya don Allah tsaya in tambaye ka, akawun ɗina shida yanzu kuma ina so in ƙara na bakwai saboda akwai wani banki da ke ba da katin ATM kyauta, amma wani abokina ya ce min idan mutum ya cika buɗe-buɗen akawun sunansa ɓaci yake a wajen CBN, ranar da ya je neman bashi ba za a ba shi ba. Na ce to kai tsaya tukuna, me kake ajiyewa a cikin shidan? Ya sosa ƙeya. Wai wannan akwai ɗari uku, wancan ɗari bakwai, ɗaya ma ya manta fin ɗinsa tun bara.

Dariya na yi masa amma tambayar ba ta banza ba ce, kuma mutane da yawa suna yin ta, wasu a Kano wasu a Ingila. Gajeriyar amsa dai ita ce akawun shi kaɗai ba bashi ba ne, don haka buɗe shi ba ya ɓata maka suna. Abin da ke ɓatawa shi ne abubuwan da ake liƙawa a jikin akawun ɗin kai kuma ka sa hannu ko ka danna ba ka karanta ba. A nan ne maganar take da tsawo.

Wai waye ma yake rubuta tarihin bashin naka?

Ka san yadda ake yi a kasuwar Kwari ko Singa a Kano, baƙo ba zai zo kawai a ɗora masa dila biyu bashi ba, sai mai kayan ya leƙa shagon maƙwabci ya ce Alhaji ka san wannan? Yana biya? In aka ce ai wane ba ya saɓa rana shikenan an ba shi, in aka yi shiru aka kawar da kai to shi ma ya gane. To bankuna ma haka suke yi, sai dai su nasu maƙwabcin kamfani ne mai kwamfuta. A Najeriya guda uku ne CBN ta ba lasisin wannan aikin: CRC Credit Bureau, da FirstCentral Credit Bureau, da CreditRegistry. Akwai kuma doka a kai, wadda Yemi Osinbajo ya sa wa hannu a 2017 lokacin yana muƙaddashin shugaban ƙasa. Ita ma CBN tana da nata rumbun daban da ake ce wa CRMS inda bankuna ke shigar da basukan da suka bayar.

Abin da ke shiga cikin fayil ɗinka a wajen waɗannan kamfanoni shi ne rancen da ka taɓa karɓa, nawa ne, daga ina, kana biya a kan lokaci ko sai an bi ka, saura nawa, ko ka taɓa ba da cek ya dawo babu kuɗi, ko ka tsaya wa wani garanto, da kuma su wa suka nemi a nuna musu fayil ɗin naka. Daga nan ake fitar da maki, na CRC daga 300 zuwa 850 yake, in ka yi sama ka yi kyau. Kuɗin da ke kwance a sebin akawun ɗinka ba ya cikin wannan lissafin, ko miliyan goma ce ko naira goma, domin ba littafin masu kuɗi ba ne, littafin masu cin bashi ne. Shi ya sa za ka ga attajiri da fayil fanko saboda bai taɓa rance ba, ka ga malamin firamare da maki mai kyau saboda ya ci sau uku ya biya sau uku.

Kuma abin da ya ɗaure duk wannan wuri guda shi ne BVN, lambobin nan 11 da aka fara bayarwa a 2014. Ko akawun ashirin ka buɗe, mutum ɗaya ne kai a wajensu. In ka manta taka danna *565*0# da layin da ka yi rajista da shi za ta fito, za su ɗan cire kuɗin kati. Tun bayan sanarwar da CBN ta fitar a Disambar 2023 ma ko ƙaramin akawun ɗin nan na waya sai da BVN ko NIN, zamanin buɗewa da lambar waya kawai ya wuce.

Kafin ka cike fom, san irin akawun ɗin da kake buɗewa

Sebin akawun, wato na ajiya, shi ne wanda yawancinmu muke da shi, kuma shi ba ruwansa da bashi. Kai ne ma kake ba banki ajiya. Za su tantance ka da BVN da NIN da hoto, wani lokaci da takardar NEPA don adireshi, wannan tantancewar sanin ko kai waye ce ba binciken bashi ba. Haka ma walet ɗin nan na su OPay da PalmPay da Moniepoint, buɗe shi kawai bai sa an rubuta maka komai a littafin bashi ba.

Karent akawun shi ne inda ya kamata ka ɗan buɗe ido. Shi ne wanda ake neman rafari biyu, shi ne mai littafin cek, kuma shi ne ake iya ɗora wa obadaraf, wato banki ya bar ka ka ciri fiye da abin da kake da shi a ciki. Tunda akwai cek a lamarin banki na iya duba bayanka kafin su buɗe maka, su ga ko kana cikin masu ba da cek na iska. In ka duba fom ɗin da kyau, can wajen ƙarshe inda rubutun ya yi ƙanana kamar tururuwa, za ka ga wurin da ka amince su nemi bayaninka daga kamfanonin can uku su kuma ba su naka. Kowa sa hannu yake ya wuce, ni ma haka na yi shekara da shekaru. Tambaya ɗaya za ka yi wa yarinyar ko yaron da ke kan tebur: wannan akawun ɗin akwai obadaraf ko wani rance a haɗe da shi? In sun ce akwai kuma kai ba ka buƙata, ka ce a cire. Ba rowa ba ce ba kuma ƙauyanci ba ne.

Maganar cek kuwa kada ka yi wasa da ita ko kaɗan. Akwai doka tun 1977 da ta ce wanda ya ba da cek alhali ya san babu kuɗi zai iya shan ɗaurin shekara 2, kuma CBN ta umarci bankuna su kai sunan wanda ya maimaita hakan sau uku wajen kamfanonin tarihin bashi, a hana shi rance na tsawon shekara 5. 'Yan kasuwa suna da wata ɗabi'a ta rubuta cek a ce riƙe wannan zuwa Litinin kuɗi za su shigo insha Allahu, Litinin ta zo kuɗi ba su shigo ba mutumin kuma ya riga ya kai banki. To wannan fa ya fi buɗe akawun ɗari illa.

Abin da ya same ni

Bari in ba ku nawa don kada a ce ina wa'azi ne daga sama. A 2019 ina aiki a wani wuri, albashina yana shiga wani banki, wata ya yi nisa ga hidimar suna a gida, sai na danna kod ɗin nan na rancen albashi aka turo min dubu talatin cikin minti biyu. Ko fom ban cike ba, ina kwance a kan katifa na yi. Aka cire kashi na farko da na biyu, sai na canza wajen aiki, sabon wajen suka ce sai dai in buɗe akawun a bankin da suke biya da shi, na buɗe, tsohon kuma na watsar da shi har layin da alat ke shigowa ya ɓace ban yi welkam bak ba. A zuciyata ai sun gama cire kuɗinsu.

Bayan shekara uku na je neman a saya min kayan sola in riƙa biya a hankali, irin tsarin murabaha ɗin nan na bankunan da ba sa harka da ruwa. Na kai komai, sitetmen na wata shida, takardar wajen aiki, garanto. Bayan sati ɗaya ofisan ya kira ni, na je na zauna, ya ce Malam akwai 'yar matsala fa, sai ya juyo min da fuskar kwamfutarsa. Ga sunana ga BVN ɗina ga wani layi guda ɗaya da aka yi wa ja, wai ana bi na bashi tun 2019 ba a biya ba. Na ce ranka ya daɗe ni ban san da wannan ba wallahi. Ya ce to kwamfuta dai ta san da shi. Ragowar da ba ta kai dubu biyar ba ce ta zauna tana haihuwa, kuma abin haushin ba yawan kuɗin ne ya hana ni ba, jan layin ne. A wajensu wanda ya riƙe dubu biyar shekara uku zai iya riƙe dubu ɗari biyar.

Yadda na fita shi ne yadda kai ma za ka fita in ya same ka. Na je tsohon bankin da kaina, ba ta waya ba, na ce a buga min abin da ake bi na. Na biya a kan kanta na riƙe rasit. Sannan na rubuta takarda ina neman su ba ni shaidar cewa ba sa bi na komai, wannan takardar ita ce makaminka, kada ka bar bankin da alƙawarin baki kawai na za mu gyara. Na ce kuma su aika wa kamfanonin tarihin bashi cewa na biya. Bai gyaru a ranar ba, sai da na yi ta sintiri na wasu makonni domin ba kullum bankuna ke tura bayanai ba, lokaci-lokaci suke yi. Kuma ko bayan an gyara ba goge labarin ake yi ba, ana rubuta an biya ne, amma cewa ka taɓa makara yana nan na wasu shekaru. Solar dai na samu daga baya, bayan na sha zafin Afrilu guda a banza.

Ka lura fa, bankin Musulunci ma yana dubawa yana kuma kai rahoto. Wasu suna ɗauka tunda Jaiz ko TAJ ko Lotus ba sa cin ruwa to ba sa cikin wannan tsarin, a'a, duk CBN ɗaya ce a kansu, wanda ya karɓi kaya a murabaha ya ƙi biya sunansa zai shiga inda na kowa ke shiga.

Buɗe sabon akawun don gudun tsohon bashi

Wannan ita ce dabarar da ta mutu amma har yanzu mutane ba su je jana'izarta ba. Da can mutum zai ci bashin banki kaza ya koma banki kaza ya ci gaba da harkarsa. Tun 1 ga Agustan 2020 aka fara aiki da abin da ake kira GSI, ma'anarsa lokacin da kake karɓar rance ka sa hannu cewa in ka gaza biya, bankin na da izinin bin BVN ɗinka ya ɗebi kuɗinsa daga duk wani akawun naka a kowane banki, na ajiya ne, karent ne, na dala ne, har walet.

Mu a Arewa mun ga wannan da idonmu a kan kuɗin korona. A 2020 CBN ta ware naira biliyan 50 ta hannun NIRSAL Microfinance Bank don rance ga magidanta da ƙananan 'yan kasuwa, mutane suka yi ta cikewa a shagunan kafe, wasu ma ejan ne ya cike musu ya yanki kasonsa, kuma da yawa a ransu wannan rabonsu ne daga gwamnati ba mai tambaya. Da lokacin biya ya yi sai ga alat na cirewa yana shigowa daga akawun ɗin da mutum bai taɓa zaton an san da shi ba. Wani ma kuɗin adashin matarsa ne ya ajiye. Kowa ya ci ladan kuturu dai dole ya yi masa aski. In kana da irin wannan a kanka, buɗe akawun na takwas ba zai ɓoye ka ba, gara ka je ka zauna da su a tsara maka yadda za ka riƙa biya kaɗan-kaɗan, bashi hanji ne yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne ka je ka ce ga abin da zan iya.

Manhajojin lon na waya

Nan ne yaranmu suka fi faɗawa. Ka sauke manhaja don tura kuɗi kawai, sai ga wani maɓalli yana ƙyalli wai ka cancanci dubu ashirin, danna nan. Ranar da ka danna, ka tashi daga mai ajiya ka koma mai neman bashi, kuma masu rajista a cikinsu suna duba fayil ɗinka suna kuma kai rahotonka. Mutum zai zauna dare ɗaya ya gwada manhaja bakwai wai yana son ya ga wacce za ta fi ba shi da yawa, bai ma karɓa ba, amma duk wanda ya buɗe fayil ɗin daga baya zai ga an yi ta tambaya a kansa cikin sati guda, kamar mutumin da aka gani yana bin shago-shago yana neman rance, ko ba a faɗa ba ka san akwai abin da ya koro shi. Ga kuma 'yan dubu biyu dubu uku da ake mantawa da su, waɗanda su ne irin nawa na sama.

Su kuma marasa rajista masu tura wa duk lambobin wayarka saƙon cin mutunci, wannan wata masifar ce daban, hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ta fara sa musu ƙa'ida tun 2022, amma mafi sauƙi kada ka fara.

To ina illar yawan akawun ɗin take?

Akwai ta, amma ba inda abokin ƙanena ya ce ba. Ta farko sitetmen. Duk wanda zai ba ka rance mai ɗan kauri zai ce kawo sitetmen na wata shida ko shekara, yana son ya ga kuɗi na shiga suna fita a tsare. In cinikinka na wata dubu ɗari huɗu ne amma ka warwatsa shi a wuri shida, kowanne sitetmen zai nuna ka a matsayin ɗan ƙaramin mutum. Mai POS ko mai shagon provishan da ke son ya girma, ya zaɓi akawun ɗaya ya zama nan ne uwar ɗakin kuɗinsa, ko da zai riƙe na biyu saboda ranar da netwok ya ɗauke. Biyu sun isa, uku in kana raba na kasuwa da na gida.

Ta biyu mantuwa. Akawun ɗin da aka bari shekara guda ba a taɓa ba ya zama domant, sai ka nemi a farfaɗo da shi, kuma bisa ƙa'idar da CBN ta fitar a 2024 kuɗin da suka shekara 10 a haka ana kwashe su zuwa wani asusu a CBN, mai su ko magadansa na iya nema daga baya amma ka san sintirin da za a sha. Kuma a irin waɗannan akawun ɗin da aka watsar ne ragowar rance ko obadaraf ke ɓuya. Saboda haka in za ka bar banki ka bar shi da sallama: ka je, ka tambaya ko ana bin ka wani abu, ka cike fom ɗin rufewa, ka karɓi shaida. Karya katin ATM ka jefa a kwata ba rufe akawun ba ne.

Ta uku ita ce ta fi ba ni tsoro, aron akawun. Wani zai ce maka aboki ba ni lambar wancan akawun ɗin naka da ba ka amfani da shi za a turo min kuɗi, zan ba ka na shan ruwa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. In kuɗin damfara ne, BVN ɗinka ce za ta shiga jerin waɗanda ake sa wa ido, kuma wannan ta shafi duk bankunan da kake hulɗa da su ba wancan kaɗai ba, ga EFCC a gefe. Haka tsayawa garanto, ka sani in mutumin ya gudu kai ne a wurin.

Duba fayil ɗinka da kanka

Dokar 2017 ɗin nan ta ba ka damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanonin. Ka shiga shafinsu na intanet, ka sa BVN da bayananka, za su turo maka ta imel. Duba naka da kanka ba ya rage maka maki. Ka duba duka ukun in da hali domin wani mai ba da rancen wuri ɗaya ko biyu yake kai rahoto, sai ka ga nan fes can kuma da ja. In ka ga bashin da ba kai ka ci ba, ko wanda ka biya amma har yanzu yana nuna ana bin ka, ka rubuta ƙorafi ga kamfanin da kuma bankin da ya kai rahoton, ka haɗa da rasit. In banki ya yi biris da kai akwai sashen kare haƙƙin kastoma a CBN. Kuma ka yi wannan wata biyu ko uku kafin ka je neman wani abu babba, ba sai ofisa ya juyo maka da kwamfuta kamar ni ba.

'Yan uwa da ke Ingila da Amurka, naku daban ne

A can maganar abokin ƙanena tana da ƙamshin gaskiya. A Ingila kamfanonin su ne Experian da Equifax da TransUnion, kuma dubawa iri biyu ce, sof da had. Ni ina kiransu leƙe da tono. Leƙe kai kaɗai kake ganinsa a fayil ɗinka, ba ya taɓa maki. Tono kuwa yana barin sawu wanda duk mai ba da bashi zai gani, yakan zauna kamar wata 12. Bankuna da yawa a can suna yin tono idan ka nemi karent akawun, musamman in da obadaraf a ciki, wasu kuma leƙe kawai suke yi sai ranar da ka nemi obadaraf ɗin. Guda ɗaya ba wani abu ba ne, makin ya ɗan sauka ya dawo. Uku huɗu a jere ne matsala.

Wata ƙanwata da ke aikin kula da tsofaffi a Manchesta ta faɗa cikin wannan tarkon. Bankunan can suna ba da tukuicin fam ɗari da wani abu in ka dawo da akawun ɗinka wajensu, kuma akwai tsarin da ke kwashe maka komai zuwa sabon bankin cikin kwana bakwai na aiki, to sai ita da ƙawayenta suka mai da abin sana'a, ta yi uku cikin wata biyu. Da ta je karɓar waya a kan kwantiragi aka ce ba ta wuce ba. Ta kira ni tana faɗa wai Yaya ni da ban taɓa cin bashin kowa ba a ƙasar nan. Na ce ai shi ne, ba ki da tarihi ko kaɗan, sai sawun tono uku, me kike so su gani? Galibi tarihinka na gida ba ya bin ka can, daga sifili kake farawa ko kai waye a Kano.

Don haka in kana can: kafin ka danna neman akawun ka duba ko sof za su yi ko had, suna rubutawa, in ba ka gani ba ka tambaya. Ka yi amfani da abin gwajin cancanta da ke shafukansu, shi leƙe ne. In kana shirin neman bashin gida ko mota, ka daina buɗe-buɗe kamar wata shida kafin nan. Ka riƙe tsohon akawun ɗinka guda ɗaya ya daɗe, domin daɗewa da banki da adireshi ɗaya abu ne da suke so. In sabon zuwa ne kai ko an ƙi ka, akwai akawun na besik da manyan bankuna ke bayarwa ba caji ba obadaraf. Ka yi rajistar zaɓe a adireshinka, 'yan Najeriya da Ghana da Kamaru masu izinin zama suna iya yi saboda ƙasashen suna cikin Kwamanwel, kuma da wannan rajistar ake tabbatar da inda kake zaune. Akawun na haɗin gwiwa kuwa, da miji ko mata ko abokin haya, yana ɗaure fayil ɗinku tare, in shi nasa ya lalace zai iya shafar ka, kuma ko kun rabu sai ka nemi a raba ku a rubuce. Bashin da aka rubuta ka gaza biya a can shekara 6 yake zama.

A Amurka kuma yawanci buɗe akawun na yau da kullum ba ya shiga rahoton bashi, bankuna sun fi duba wani kamfani daban mai suna ChexSystems wanda ke riƙe labarin waɗanda suka bar akawun da gibi ko aka rufe musu, har shekara 5. In sunanka ya shiga nan buɗe wani akawun ɗin ma sai ya zama aiki. Tono in an yi shi shekara 2 yake nunawa, amma makin FICO, wato makin bashin da aka fi amfani da shi a can, na wata 12 kawai yake lissafawa da shi. Gibin obadaraf da ka bari har aka miƙa wa masu karɓar bashi, shi kam zai fito a rahoton.

Shi dai ƙanena ranar Litinin muka fita tare. Mun fara da duba rahotonsa a waya, sai ga lon ɗin dubu huɗu na wata manhaja da ya ce wai shi ya ɗauka bonas ne, na sa shi ya biya a gabana ya yi sikirinshot. Muka shiga banki biyu ya rufe na can, na ukun layi ya yi yawa muka ce sai wani satin. A hanyar dawowa cikin adaidaita ya ce to Yaya na bakwai ɗin fa, mai katin kyauta? Na ce buɗe abinka in sebin ne, amma kuɗin adaidaitan nan kai za ka biya.